Batirin Motar Mijina Yana Kumbura a Zaurenmu

Anti Lauratu, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni, kuma ki yi da wuri, don ban san ko abin da nake tsoro zai jira ba. A waya nake rubuto miki, in kin ga magana ta hau kan magana ki yi haƙuri, haka kaina yake a yanzu.

Ni haifaffiyar unguwar New Bell ce, a nan Duwala aka haifi uwata ma. Ina da aure da 'ya'ya uku. Ina suyar ƙosai da fanke a zauren gidan da muke haya. Gidan katako ne, irin wanda muke ce wa karabot, ɗaki jikin ɗaki, in maƙwabci ya yi tari kina ji. Lungunmu ko amalanke da ƙyar take shiga.

Maigidana direba ne. A da yana da motar kaya, yana zuwa Banso da Bamenda ya kwaso wa 'yan kasuwa goro da dankali. Da rikicin Anglofon, wato na yankin masu jin Turanci, ya yi zafi na roƙe shi ya bar hanyar, ya ce kowa ya san shi a can, har shayi ake ba shi. Ranar nan wasu mutane da bindigogi suka tare shi, har yau ban san ko su wane ne ba, shi ma bai faɗa ba. Suka sa shi ya durƙusa a bakin titi, suka kwarara wa motar fetur, abin da ya rage a jarka suka juye masa a ka, suka cinna wa motar wuta yana kallo. Shi ba su cinna masa ba. Ya ce suna ta dariya suka wuce.

Ya dawo da ransa, amma ba mutumin da na sani ba ne ya dawo. Da ya shaƙi warin fetur sai amai. Ki duba, Anti, a garin da ake sayar da fetur a kwalba a kowace kwana, ga 'yan bensikin, masu acaɓar nan, kamar ƙudan zuma. Sai ya daina fita. Fiye da shekara biyu yana ɗaki, taga a rufe. Ga korona ta zo ta ƙara. Kaskona ne ya riƙe gidan, ba gori nake yi ba, Allah ne shaida. Akwai ranar da ya ce mini da ma sun haɗa shi da motar sun ƙone, da kowa ya huta. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan maganar ba sai ke.

Alhaji Muhammad Bashir, wanda maigidan yake ɗauko wa goro a da, shi Allah ya turo. Yana da wata ƙaramar mota mai aiki da lantarki, tsohuwa ce, ya shigo da ita cikin kaya ta tashar jirgin ruwa, iyalinsa suka ƙi ta, tana ajiye a gidansa na Kotto. Da ya ji halin da ake ciki ya ba shi ita kyauta, ya ce ya riƙa cajinta a sitonsa. Ba ta shan fetur, ba ta wari, ko ƙara ba ta yi. In ya rufe gilashi ya kunna sanyi, sai ya ratsa garin nan kamar kowa. Ya samu yaran da yake kaiwa makaranta a Akwa, da rana kuma ya ɗauki matan kasuwa da kayansu. Anti, mutumin nan ya koma cin abinci, ya koma jam'i, har tsokanar yara yake yi. Ni kaina na so motar nan, in na wuce ta bakin lungu har shafa ta nake.

To, bara ta fara gajiya. Cajin da yake kai ta wuni sai ya koma zuwa azahar, sannan hantsi. Ƙarshe ta mutu masa a tsakiyar gadar Bonaberi da fasinja a ciki, ana ta zaginsa da Faransanci da Turancin Fijin, ga hayaƙin motoci ya rufe shi. Turo ta aka yi. Ya zaga garejin da ya sani duka, kowa ya leƙa ƙarƙashinta ya ga wayoyin nan masu kauri ruwan goro sai ya ja da baya, ya ce shi ba ya taɓa wannan. Aka ce batirin ne ya ƙare, kuma ba irin ƙaramin batirin mota da muka sani ba ne, wani ƙaton akwatin ƙarfe ne shimfiɗe a ƙarƙashin motar, ya kai faɗin katifa.

Sai ya ji labarin wata irinta a wajen masu fasa tsofaffin motoci can Japoma, kusa da kogi. Mai wurin ya ce haɗari ta yi. Daga baya na ji cewa ruwa ne ya ci ta, na kuma ga busasshen taɓo a jikin akwatin da idona. Ya sayo batirinta. Ya ce tunda babu mai yi, shi zai canja da kansa, ai ya ga yadda ake yi a bidiyo.

A nan ƙanena Bilya ya shigo. Bilya gyaran waya yake yi a Akwa, yana da hannu ƙwarai, abin da ido bai gani da kyau shi yana ɗinke shi. Shi ya kawo kansa, ba wanda ya kira shi, yana son mijina tun yana ƙarami. Suka sauke tsohon batirin a wani wurin wankin mota mai rami, da jak da katakai. Da suka zo ɗora sabon sai bakin wayoyin ya ƙi haɗuwa, wai ba shekararsu ɗaya ba. Shawara ta tsaya a kan su buɗe duka biyun, su ciro na cikin wannan su zuba a wancan. Mai wurin wankin ya ce ba a wurinsa ba. Shi ne aka samu ƙarti suka cicciɓo su har zaurenmu. Maƙwabta suka tambaya, maigidan ya ce kayan sola ne.

Ranar Asabar ce bayan la'asar, ina tsakar gida ina wanke wake. Na ji ƙara kamar an harba bindiga, wani haske shuɗi ya haska bango da rana tsaka. Na shigo na tarar da Bilya a ƙasa, ya dunƙule, ko kuka ya kasa. Sifanar da ke hannunsa ta narke a baki, zoben azurfarsa ya shige cikin nama. Warin nan har yanzu yana hancina. A asibiti suka cire masa yatsu biyu na hannun dama, babban yatsan kuma ba ya lanƙwasuwa. Likita ya ce mu gode wa Allah da abin bai bi ta ƙirjinsa ba. Mun gode. Amma mai gyaran waya da babu yatsu fa? An sa masa rana bayan Sallah, yanzu dangin yarinyar sun fara cewa a ɗan dakata.

Innarmu ta zo asibiti ta tarar da maigidan a tsaye, ta gaya masa maganganun da ba zan iya maimaitawa ba. Bai ɗago kai ba. Ni kuma ta ce in kwaso yara in dawo gida, in na ƙi to na zaɓi wanda ya nakasa mata ɗa. Ta daina ɗaukar wayata. Bilya kuwa, ko na je bango yake kallo. Maigidan bai sake zuwa duba shi ba tun ranar, kunya ce ko me, ban sani ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Batiran nan biyu suna nan a zaure, a buɗe, an lulluɓe su da tamfol. Ciki wasu ƙananan akwatuna ne a jere kamar bulo. Da na ɗaga tamfol ɗin shekaranjiya na ga ɗaya a cikin na Japoma ya kumbura, ya yi ciki kamar gwangwanin da ya lalace. Akwai wani wari mai zaƙi-zaƙi da ke tashi, kamar na maganin goge jan farce, wani lokaci kuma ina jin ɗan tsaki a hankali. Damina ta kankama, kin san ruwan Duwala, kin san New Bell. In aka yi mai ƙarfi kwata takan cika ta shigo mana zaure har idon sawu. Ya ɗora su a kan bulo da katako, ya ce ya isa. Na daina suya a wurin, na ce wa masu saye bayana ke ciwo.

Katako ɗaya ne tsakanin zauren da ɗakin Goggo Rakiyatu, wata tsohuwar Bafulatana da ƙafafunta suka mutu, sai an ɗauke ta. Kullum in na kai mata koko tana sa mini albarka, ni kuwa na san abin da ke bayan kanta. Zauren nan kuma shi kaɗai ne ƙofar fita ga duk mutanen gidan.

Na yi masa magana. Ya ce tsoron mata ne, ai an riga an yi kuskuren an gane shi. Ya sayo safar hannu ta roba irin ta masu wanki, yana ta kallon bidiyo, ya ce da ruwa ya ɗan tsagaita zai ƙarasa shi kaɗai. Ya ce in ya bari yanzu, yatsun Bilya sun tafi a banza ke nan. Na ce to a faɗa wa Alhaji, ya ce da wane ido zai kalli mutumin da ya ba shi mota ya mayar da ita gawa. Na ce mai gidan haya fa, ya ce korar mu zai yi cikin damina. Sannan ya dube ni ya ce in na kai maganar nan waje, to ni na kashe shi da hannuna. Ba da faɗa ya faɗa ba, a sanyaye, da muryar da yake magana da ita a shekarun nan na ɗaki. Ya fara rufe taga kuma.

Anti, gaba kura baya sayaki. In na yi shiru, ina tsoron wuta, ina tsoron in shigo in tarar da shi yadda na tarar da Bilya ko fiye. In na yi magana na tona asirin mijina, na raba shi da abu ɗaya da ya tashe shi, ban san abin da zai yi wa kansa ba. Shin da gaske abin nan yana da haɗarin da nake ji a jikina, ko tsoro ne kawai? In na faɗa, cin amana ne? In bi Inna? Ba ni da wanda zan tambaya da ba zai kai maganar masallaci ba. Ki ɓoye sunana.

Taki, Wadda Ta Rasa Barci, New Bell.

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Kin riga kin ji muryata, don ban jira ranar fitowar jarida ba, na kira ki ranar da saƙonki ya iso. Na buga shi ne da izininki, bayan an canja sunaye, saboda na tabbata ba zaurenku kaɗai ke da irin wannan ajiya ba.

Tambayarki ta farko: ba tsoron mata ba ne. Ni ba masaniyar lantarki ba ce, don haka na tambayi wani malamin koyar da aikin wuta da wani tsohon ɗan kwana-kwana, bakinsu kuma ya zo ɗaya. Kumburi, da warin nan mai zaƙi, da tsaki, alamu ne na batirin da ya lalace daga ciki, yana iya kamawa ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Wanda ruwa ya taɓa ci ya fi haɗari, don yakan yi lamo na tsawon lokaci kafin ya tashi. In ya tashi, bokitin ruwa ba ya kashe shi, hayaƙinsa guba ne, kuma yakan mutu ya sake kamawa. Wutar da ke cikinsa ta ninka ta soket ɗin gida, ba ta kuma da makunnin da za a kashe ta. Safar masu wanki ba ta tare komai.

Saboda haka yara su koma wajen Inna yau, ba don kin bar mijinki ba, don su kwana inda babu wannan abu. A ɗauke Goggo Rakiyatu daga ɗakin nan yau. Kada ke ko shi ko wasu ƙarti su sake ɗaga batiran, kada a zuba musu ruwa, kada a kusance su da wuta ko ƙarfe. A je ofishin pompiye, wato 'yan kwana-kwana, ƙafa da ƙafa a faɗa musu gaskiyar abin da ke akwai, su faɗi yadda za a fitar da shi zuwa fili nesa da gidaje. In suka yi jan ƙafa, a koma da mai unguwa. Kafin nan, in kika ga hayaƙi ko kika ji zafi na tashi, ki kwarma ihu kowa ya fita, kada a tsaya ɗaukar ko tsinke. A kuma ɓalle katako biyu ta bayan gida tun yanzu, a samu wata mafita.

Ta biyu: cin amana ne? A'a. Asirin miji da mace ke rufewa shi ne wanda ya tsaya a kansu su biyu: rashinsa, rauninsa, hawayensa. Kin rufe wannan shekara da shekaru, Allah ya saka miki. Amma abin da zai iya cin tsohuwar da ba ta iya tashi, da 'ya'yan maƙwabta, ba asirinsa ba ne shi kaɗai. Masu kwana jikin abin suna da haƙƙin su san abin da suke kwana da shi.

Sai dai kada ki bi ta bayansa. Ki zauna gabansa ki ce masa yau za a yi magana, kuma kin fi so ta fito daga bakinsa, ke kina gefensa. In ya yarda, mutuncinsa ya tsira, don wanda ya ce jama'a na yi kuskure ku taimaka a fitar, ba ɗaya yake da wanda aka kama ba. In ya ƙi, ki tafi wajen Alhaji Muhammad Bashir a ranar, ki kuma faɗa masa cewa can za ki. Mutumin da ya ba da mota don ya ga wani ya tashi, ba zai fi son ƙarfe a kan ran wanda ya ba ba. Shi ne kuma zai iya tausar mai gidan haya.

Yanzu bari in tsaya wa maigidanki kaɗan, don na ga kowa ya juya masa baya. Ba mugu ba ne, ba kuma wawa ba ne. Ya nemi masu gyara suka gudu, ya ga ɗakin nan mai duhu yana jiransa, sai ya yi abin da mai nutsewa ke yi, ko kaifin takobi aka miƙa masa zai kama. Amma lissafinsa ya karkace. Ƙarasa aikin ba zai mayar wa Bilya yatsu ba, zai dai iya ƙara wa Innarku marayu uku ta riƙe. Abin da Bilya ke bukata daga gare shi ba mota mai tafiya ba ce, ya zo ya zauna kusa da shi ne, ko ba zai iya cewa komai ba. Ki raka shi. Daga baya a tambayi likita ko gashi da motsa hannu za su dawo da babban yatsan, a kuma tuna cewa abin da Bilya ya sani yana kansa, yana iya tsayawa a kan shago wasu hannaye su yi aiki.

Maganar da ya faɗa miki, ta da can da ta yanzu, kada ki ɗauke ta wasa, kada kuma ki bari ta ɗaure miki baki. A kwanakin nan kada a bar shi shi kaɗai. Ki samu ɗan'uwansa ko aminin da yake jin nauyi ki faɗa masa ainihin kalmomin, ya zo ya zauna da shi. Abin da aka yi masa a hanyar Banso ciwo ne da likitoci suka sani, yana da magani, motar ta lulluɓe shi ne kawai ba ta warkar ba. A kai shi a duba shi, a haɗa da addu'a.

Innarki kuwa, uwa ce da ta ga hannun ɗanta. Kada ki yi jayayya da ita, kada kuma ki yanke hukuncin aurenki a cikin zafin nan. Ki kai mata jikokinta ki ce kin zo neman mafaka. Da wuya ta rufe ƙofa.

Ba zan yi miki alkawarin abin da ban sani ba. Mai yiwuwa motar ta tashi in ƙwararre mai kayan aiki ya duba ta, mai yiwuwa ta tafi ke nan. Mai yiwuwa ku rasa ɗakin. Mai yiwuwa ya yi fushi da ke ya daɗe bai huce ba, har ya ce ke kika karya shi. Ki shirya wa wannan, zai yi ciwo. Amma fushin mai rai ana zama da shi, ana ba shi haƙuri, wata rana ya sauka.

Allah ya ba Bilya lafiya ya buɗa masa wata ƙofar, ya sanyaya zuciyar Inna, ya yaye wa maigidanki abin da ke cinsa, ya tsare ku da maƙwabtanku. Ke kuma ya ba ki ƙarfin faɗin maganar da babu mai faɗinta sai ke. Tashi ki fara da Goggo Rakiyatu, hadari ba ya jiran kowa ya gama shawara.

Taki, Anti Lauratu.